Jin daɗi daban, sani daban

A gidajenmu da dama akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin manya da yara. Uba ya ce tun da Mamman Shata ya rasu a 1999 ba a sake yin mawaƙi ba, ɗa kuwa ya ce waƙoƙin da ke cikin salularsa sun fi. In muhawara ta yi tsawo, sai wani ya rufe ta da cewa: "Kowa da ra'ayinsa." Wannan magana tana kashe wutar gardama, amma ni ban yarda tana warware ta ba. Ba hukuncin kiɗa a shari'a nake nufi ba, wannan fagen malamai ne. Ina magana ne a kan gwaninta, da wanda ya cancanci a saurari hukuncinsa a kanta.

Magana biyu ce muke cuɗawa. Ta farko: "Wannan waƙa ta yi mini daɗi." Ta biyu: "Wannan mawaƙi ya fi wancan iyawa." Ta farko haƙƙin kowa ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba wanda zai shiga zuciyata ya faɗa mini abin da ya motsa ta. Ta biyu kuwa da'awa ce, kowace da'awa kuma tana buƙatar hujja.

Me masani yake ji wanda ni ba na ji? Ya san cewa kotson Narambaɗa da na Ɗankwairo kayan kiɗan fada ne, da hannu ake buga su, alhali kalangun Ɗan Anace na filin dambe ne, saboda haka ba a auna su da mudu ɗaya. Ya san gindin waƙa daga ɗiyanta, yana lura da inda jagora ya ajiye magana ƴan amshi suka karɓe ta ba tare da numfashi ya tsinke ba. Yana rarrabe zambo da habaici. Ya san wuyar da ke cikin riƙe taro da tsirkiya ɗaya tal, kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntiginsa. In ya ji muryar zamani sumul, yana iya gane ko maƙogwaro ne ya yi aikin, ko na'urar gyaran murya ta situdiyo.

Na ga wannan da idona a wani taron suna a unguwarmu. Wani tsohon makaɗi ya kira ɗana, wanda ya ce kalangu hayaniya ne kawai. Bai yi masa faɗa ba. Ya matse tsirkiyoyin a hammata, sauti ya hau, ya sassauta, sauti ya sauka, yana bin hawa da saukar harshen Hausa, har yaron ya ji sunansa da na kakansa suna fitowa daga fata. Har yau yaron ya fi son waƙoƙinsa na zamani, kuma ban hana shi ba. Amma bai ƙara cewa hayaniya ba. Sonsa bai sake ba, saninsa ne ya ƙaru.

Su gwanayen ma ba sa ɗaukar kansu a kan sun san komi. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya riga ya yi suna da gurumi a duk faɗin Nijar. Duk da haka a 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi yankin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar domin ya koyi biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta, wanda ya kusa ɓacewa. Da a ce duk ra'ayi ɗaya ne, me zai kai shahararren makaɗi ya koma almajiri? Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Sai dai a yi adalci. Furfura ba ita ce sani ba. Dattijon da ya ce duk waƙar zamani shirme ce, alhali bai taɓa zama ya saurari ko ɗaya har ƙarshe ba, shi ma ra'ayi kawai ya faɗa, kamar yaron da ya rena Narambaɗa bai san ma'anar rabin kalmominsa ba. Haka nan masani ba shi da ikon tilasta wa kowa so. Aikinsa ya nuna, ya bayyana dalili, ya bar mai sauraro da zuciyarsa. Akwai kuma wurin da uwa ta fi kowane masani iko: in kalmomin waƙa na batsa ne ko na cin mutunci, ba ta buƙatar sanin kari ko amshi kafin ta ce ba za a ji ta a ɗakinta ba.

Abin da ya sa na damu ya wuce kiɗa. Yaron da ya tashi yana ganin cewa "ra'ayina ne" ya isa hujja, gobe haka zai faɗa wa malaminsa, haka zai faɗa wa likita. Kuma sana'ar da babu sauran mai rarrabe gwaninta da na banza, mutuwa take yi a hankali, domin ba wanda zai sha wahalar shekaru yana koyon abin da ba a bambanta shi da aikin kwana ɗaya.

Saboda haka, in gardamar ta sake tashi a gidanku, kada a yi saurin rufe ta. A tambayi yaro: "Me ka ji a ciki?" A bar shi ma ya tambayi babansa. Wanda ya ce daɗi ya ji, a bar masa daɗinsa. Wanda ya ce wane ya fi wane, to, ya kawo dalili. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu kunnen sauraro da ladabin neman sani, amin.