Cikin Fari A Kurmi: Yadda Taurin Bayan Gida Ya Kusa Ja Mini Wahala

Yau magana ce zan yi wadda mu mata muke jin nauyin faɗinta, amma tunda ta kusa cutar da ni, na ga gara in cire kunya in faɗa ko wata za ta amfana.

A shekarar 2019 aure ya kawo ni Sabon Ibadan daga ƙasar Katsina, ban iya Yarbanci ba, Turancin ma sai kame-kame. Ba a daɗe ba Allah Ya ba ni juna biyu. Da cikin ya kai wata biyar sai bayan gida ya fara yi mini wuya. In yi kwana uku, wani lokacin huɗu ban zaga ba, in kuma na je sai nishi da zufa, abin da zai fito kamar duwatsu. Ciki ya cushe, abinci ya fita raina. To wa zan gaya wa? Cikin fari ne, ko Inna a waya ba na iya buɗe baki in ce mata ina da ciki, balle in kawo zancen bahaya. Maigida kuwa da asuba yake fita kasuwar Bodija, sai dare.

Gidan da muke haya ɗaki takwas ne, ban ɗaki ɗaya. Da safe layi ake yi, har da mazan gidan, ni kuwa ina jin kunyar a gan ni tsaye da buta da ƙaton ciki. Saboda haka in abin ya matso ni sai in danne. Ruwa ma na rage sha don kada fitsari ya riƙa fitar da ni cikin dare. Abincina kuma ya koma burodi da shayi, teba, farar shinkafa da taliya, don su ne masu sauƙin samu. Tuwon dawa da kwaɗon zogale da na tashi da su a gida duk na bar su.

Sai na lura abin ya fi tsanani tun da aka fara ba ni jan ƙwayar nan ta ƙarin jini a wurin awo. Ban yi shawara da kowa ba na daina sha, na riƙa tura su ƙarƙashin katifa. Wata rana mai tallan agbo ta shigo gidan, na kira ta na yi mata nuni da cikina, ta cika mini kwalba. Har na ɗauko kofi sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu, haifaffiyar Sabo ce, Gwaggo muke ce mata. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, me ke damunki?" Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ta ce, "Kunya a gaban surukai ake yin ta, ba a kan ciwo ba. Kin san abin da aka dafa a cikin ruwan nan?" Na ce a'a Gwaggo. Ta zubar da shi a kwata, ta ce gobe in shirya ta raka ni asibiti.

Da aka auna jinina aka ce ya sauka. Malamar asibiti ta tambaye ni ko ina shan magani, Gwaggo tana yi mana tafinta, dole na faɗi gaskiya. Na ɗauka faɗa za ta rufe ni da shi, sai ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce abin nan yana samun masu ciki da yawa. Akwai wani sinadari da ake kira furojestaron da ke ƙaruwa a jikin mai ciki, yana sassauta naman mahaifa don ɗa ya zauna, to hanji ma sai ya saki, abinci ya riƙa tafiya a hankali. Shi kuma babban hanji aikinsa tsotse ruwa, duk daɗewar da bayan gida ya yi a ciki ƙara bushewa yake. Kun ga dannewar da nake yi da rage shan ruwa, ni da kaina nake ƙara wa wutar itace. Ga mahaifa tana girma tana danne hanjin, ga ƙwayar ƙarin jini ita ma tana ɗaure ciki.

Amma ta ce barin ƙwayar ya fi taurin bayan gidan haɗari nesa ba kusa ba, domin mace mai ƙarancin jini in ta zubar da jini wajen haihuwa ba ta da na ajiya, kuma ɗan yana iya zuwa bakwaini ko ƙarami. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa shan sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid. In ƙwayar ta dame ki, komawa za ki yi ki faɗa a duba yadda za a sauya miki ita. Ta kuma ce kada in haɗa ta da shayi, yana hana jiki ɗaukarta, gara in bi ta da lemo.

Abin da na yi bayan nan ba wani mai tsada ba ne. Ruwa kofi 8 zuwa 10 a yini, mafi yawa da rana don dare ya yi mini sauƙi, da ɗumi-ɗumi kofi ɗaya da sassafe. Na koma wa wake, kuɓewa, alayyahu da zogale. Ashe ewedun da nake ƙyama a kwanon maƙwabta lalo ne, namu na gida! Gwanda nunanna, kankana, da lemo ina cinye shi har da totuwarsa maimakon in tsotse in yar. Maigida ya riƙa kawo dawa da gero daga Bodija, ba ma surfe su fes, muna barin ɗan dusar. Da la'asar mu taka da Gwaggo zuwa wajen Mokola mu dawo, kamar minti 20 zuwa 30. Layin ban ɗaki kuwa na daina jin kunyarsa, da ya matso ni sai in ɗauki buta. A makon farko an haɗa mini da wani maganin ruwa mai zaƙi, laktulos, mai tausasa bayan gida, kuma a asibiti aka rubuta mini shi. Kafin mako biyu na samu kaina.

Jan kunnena ga 'yan uwa mata shi ne, kada mai ciki ta sha filasko, ko man zurman, ko agbo, ko wani jiƙon wankin ciki da ba ta san abin da ke cikinsa ba. Mai ƙarfin cikinsu yana murɗa ciki ya zubar da ruwan jiki, man zurman kuwa har naƙuda yana iya tayarwa. A guji yawan yunƙuri, shi ke fito da basir. In kuma kika ga jini, ko ciwon ciki mai tsanani, ko amai, kada ki kwana a gida.

Ku kuma maza, wadda kuka ɗauko daga Arewa kuka ajiye a ɗaki ba uwa ba yaya, ku riƙa tambayarta lafiyarta, in ta kasa gaya muku ku haɗa ta da wata babba. Na haihu lafiya, mace, yanzu har ta shiga makaranta. Inna sai da ta zo wankan jego na ba ta labari, ta yi salati ta ce ita ma haka ta sha a cikina ba ta gaya wa kowa ba. Allah Ya saka wa Gwaggo da alheri, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.