Daren da Mota Ta Zama Ɗakinmu

Ina yaro, duk lokacin da mahaifina ya kai ni Damagaram nakan tsaya kallon motocin Turawa masu yawon buɗe ido, waɗanda suka ratso sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas. Wasunsu da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, gida sukutum a kan taya. A lokacin na ɗauka jin daɗi ne kawai na masu kuɗi. Sai da na haura shekara arba'in na gane cewa tanadi ne, irin wanda fatakenmu na hanyar Gwanja suka sani tun da daɗewa: madugu ba ya tashi sai ya san inda ayari zai kwana da inda zai sha ruwa.

A hutun damina na 2024, watanni kaɗan bayan an sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris, muka shirya zuwa Kano bikin ɗiyar ƙanwar mahaifiyata. Na yi hayar ƙaramar bas, mu goma sha ɗaya: Inna, da maiɗakina, da ƴaƴanmu, da wasu dangi, da ɗiyar ƙanena mai shekara tara. Hanya sananniya ce: daga Dawce a bi ta Ɗan Barto, a tsallaka Kwangwalam, sai Daura, Kazaure, Kano. Ni da nake hana ɗalibi shiga aji ba allo ba alli, na duba kart giris da parmin direba da asiransi, na ce shiri ya kammala.

Mun tashi bayan la'asar saboda jiran masu kwalliya. A kan iyaka jami'i ya ƙirga yara, ya ƙirga takardun haihuwa, ya ga ɗaya babu.

“Malam, wannan ɗiyar wa ce?”

“Ranka ya daɗe, ɗiyata ce, ta ƙanena.”

“Ina takardarta? Ina izinin mahaifinta?”

Raina ya ɓaci. A wurinmu ɗan ƙane ɗa ne, kuma yarinyar Baba take kirana. Amma ban da ta cewa. Ni ɗan yankin Kance ne, ban manta watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, kuma mafi yawansu ƴan yankinmu ne. Wanda ya tambayi takardar yaro a kan hanya ba wulaƙanta ni ya yi ba.

Wayar ƙanena ba ta shiga ba sai bayan isha'i, ga hadari ya haɗu. Nan muka kwana. Ruwa na zuba, gilasai a rufe, zafi da sauro a ciki, ba gidan sauro ko ɗaya. Maganin hawan jinin Inna yana can ƙasan kaya a saman mota, an ɗaure da igiya an rufe da tamfol. Ruwan shanmu jarka ɗaya ce. Da tsakar dare Inna ta ce, “Kai da kake koya wa ƴaƴan mutane lissafi, ashe ba ka ƙirga naka ba.” Da hantsi ƙanena ya iso a babur da takardar, muka wuce. Ɗaurin aure ya riga ya wuce mu, kuma kwana goma bayan nan autanmu ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro.

Tun daga lokacin, mako biyu kafin tafiya nake buɗe littafi. Kowane yaro da takardar haihuwarsa, wanda ba na cikina ba kuma da izinin mahaifinsa a rubuce, da hatimin ofishin magajin gari. Kowa da katin rigakafin shawara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka katin ake adanawa. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, nakan je da ƙafata in tambayi masu asiransi ko takardar motar tana aiki a Najeriya, ba na dogara da labarin tasha. Nakan sa makanike ya duba birki da fitilu da tayar safiya. Magani da tocila da gidan sauro suna ƙarƙashin kujerata. Ruwa na kwana biyu, ko da tafiyar ta wuni ɗaya ce. Naira kaɗan a aljihu tun daga gida. Kowane yaro da lambar wayata a takarda cikin aljihunsa. Tashi kuwa bayan sallar asuba, wanda bai shirya ba ya biyo mu a motar haya.

Bana da na kai ƴan ajina ziyara fadar Sarkin Damagaram, wasu iyaye sun yi ƙorafin na cika neman sa hannu. Na ba su labarin daren nan, kowa ya kawo tasa takardar.