Kada a ce wa yaro "magani ne"

Mu ɗaliban kimiyyar harshe an koya mana cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana jan ƴan uwanta. A ganina nan ne muke ɓata wa yara cin ganye.

A gidanmu can Maradi, in ƙanwata ta ture kwaɗon zogale, sai Inna ta ce: "Ci mana, magani ne." To, me ƴar shekara bakwai ta sani game da magani, in ba ɗaci ba? Manya kuma da suka ga yunwar 2005, lokacin da mutanen ƙauye suka koma ga anza da tafasa, wasunsu na kiran ganye cimar wahala. Yara kuwa suna ji.

Zogale na da bitamin A, gaskiya ne, amma wannan hujjar manya ce. Ni in na zo hutu, turmi nake ba ta, ta daka ƙuli-ƙuli, ta zuba albasa, in ce: "Kwaɗon Auta ya haɗu, wa zai ɗanɗana?" Wallahi ko loma ba ta bari, don abinta ne.

Ƴan uwa, mu canja kalmar. Zogale, rama da yakuwa abinci ne, mu kira su abinci.