Ganye Ɗan Aike Ne

Mu 'ya'yan manoma ne, ko da yake yanzu a gaban kwamfuta muke neman abinci. A ƙasar Zuru, tun yaro bai isa riƙe fartanya ba ya san cewa in ganyen dawa ya nannaɗe ƙishi ne, maganin ƙishi kuwa ruwa. Wannan ilimi ya ciyar da kakanninmu, bai kuma ba su kunya a gona ba. Sai dai akwai wani fure da ke shigowa gidajenmu a 'yan shekarun nan daga wurin masu sayar da furanni na Abuja da Legas, wanda wannan ilimin ne ke kashe shi. Sunansa okid, irin da masana ke kira Phalaenopsis.

Tukwane huɗu muke da su a baranda, kusa da tagar ɗakin da muke rubuta manhaja. Tun da 'yan uwa da abokan aiki suka san muna renonsa, hotuna ba su daina zuwa ta WhatsApp ba. Ganye ya yi laushi, ya yamushe, ya faɗo kamar kunnen tunkiya. A ƙarƙashin hoton kusan magana ɗaya ce: “Kullum ina ba shi ruwa, amma ga shi yana bushewa.” Wasu kyautar biki aka ba su, wasu kuɗi masu kauri suka sa suka saya, kuma ga shi zai mutu cikin wata biyu alhali yana iya yin shekaru da yawa.

Asalin wannan fure dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Indunusiya da Filifin. Masanin tsirrai Carl Ludwig Blume ne ya raɗa masa suna a 1825, saboda furen ya yi kama da faɗa-wuta mai buɗaɗɗen fiffike. A can ba a ƙasa yake tsirowa ba. Yana maƙale a jikin reshe ne cikin inuwa, saiwoyinsa a fili suna shan iska. Ruwan sama ya jiƙa su, kafin wani lokaci sun sha iska sun bushe. Shi ya sa ba a dasa shi cikin ƙasa, sai cikin ɓawon itace ko gawayi ko guntayen ɓawon kwakwa. In aka bar saiwar cikin danshi kwana da kwanaki, numfashinta ya yanke, ta ruɓe. Tsiron da ba shi da saiwa kuwa ba ya iya shan ruwa ko da a cikin randa aka tsoma shi. Sai ganye ya yamushe, mai shi ya ga alamar ƙishi, ya ƙara ruwa.

Wannan tarko mun san shi a wurin aiki. Saƙon kuskuren da ya bayyana a fuskar waya ba lalle a nan aka haife shi ba, sau da yawa ɓarnar tana can ƙasa, inda mai amfani da manhaja ba ya gani. Wanda ya tsaya gyaran inda saƙon ya fito, ba a nan gizo ke saƙa ba. Haka ganyen okid yake, ɗan aike ne. Yamushewarsa tana cewa ruwa ba ya isowa, amma ba ta faɗi dalili ba. Rashin ruwa da yawan ruwa fuska ɗaya suke nunawa. Saiwa kaɗai ke raba gardama.

An yi sa'a saiwar ba ta ɓoye komai. Galibi ana sayar da furen a tukunyar roba wadda ake ganin cikinta. Saiwa mai lafiya tana da tauri, in ta ƙoshi da ruwa koriya ce, in ta bushe sai ta koma fara-fara kamar azurfa. Wadda ta ruɓe ruwan ƙasa ce ko baƙa, in an matsa ta sai fatar ta saɓule ta bar zare. Don haka dokarmu a gida ba “duk Lahadi a zuba” ba ce. Dokar ita ce in saiwa ta yi fari, tukunya ta yi sauƙi a hannu, a zuba. Da safe muke yi, mu kwarara ruwa sosai har ya fita ta ramukan ƙasa, mu bari ya tsane, kada a bar tukunyar zaune cikin faranti mai ruwa. In ɗigo ya kwanta a tsakiyar kai, inda sabon ganye ke fitowa, muna tsane shi da ƙyalle, domin ruɓewar da ta fara daga nan da wuya ta bar tsiron da rai.

Jadawalin da ake gani a intanet, na sau ɗaya a mako, an rubuta shi ne don ɗakunan da yanayinsu bai cika canzawa ba. Mu a nan shekara fuska uku gare ta. A watan Agusta, lokacin da duwatsun Zuru suka yi shar, ɓawon kan wuce kwana 10 bai bushe ba. Da hunturu, kwana 3 ko 4 ya isa ya bushe ƙayau, ga ƙura da ke kwanciya a ganye sai an goge. Da bazara, a Maris da Afrilu, zafi kan doshi digiri 40, alhali shi ya fi son tsakanin 18 da 29. A lokacin muna shigar da su ɗaki mafi sanyi, kusa da randa, mu bar fanka tana kaɗawa a hankali. Ruwan ma da bambanci. Na sama ya fi, shi muke tarawa da damina. Na burtsatse wani lokaci yana barin fari-fari kamar kanwa a kan ɓawo, wanda ke ƙona bakin saiwa, sai a riƙa wanke tukunyar da ruwa mai yawa.

Sauran saƙonnin ganye sun fi sauƙin karantawa. In na can ƙasa ne guda ɗaya ya yi rawaya, tsufa ne, a bar shi ya faɗi da kansa. In da yawa suka yi rawaya lokaci guda, a duba saiwa da tsakiyar kai. Farin tabo da ya koma baƙi ya bushe a gefen da ke fuskantar taga, ƙunar rana ce, labule mai shara-shara ya wadatar. Ganye kore sosai har ya yi duhu, ga shi babu fure, haske ne ya yi kaɗan. Fari-fari kamar auduga a hammatar ganye ƙwari ne, ana goge su da auduga da sifirit na kemis. Tabo mai ruwa-ruwa da ke yaɗuwa kuwa, a yanke da reza mai tsabta a nisanta tukunyar daga sauran. Abin da muka ɗauko daga sana'a shi ne a canza abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta ranar, a jira. Wanda ya canza wuri da ruwa da taki a rana ɗaya, ko tsiron ya farfaɗo ba zai san me ya cece shi ba.

Mafi wuyar aikin shi ne bayani ga manya. Innarmu ta yi shekaru tana noman dawa da gyaɗa, ba ta iya wuce tsiro da ragowar ruwa a hannu ba ta zuba masa ba. Ranar da ta fara zuwa muka ce, “Inna, ki yi haƙuri, wannan yau ba ya sha.” Ta dube mu ta ce, “Ku da bokonku. Wane irin tsiro ne ake hana shi ruwa?” Muka ɗaga tukunyar muka nuna mata saiwoyin, muka ce a jikin itace yake rayuwa. Ta ce, “Ashe kauci ne.” Ta kusa, sai dai kauci yana tsotsar itacen da ya hau, shi kuwa wannan wurin zama kawai yake nema. Yanzu in ta zo, ita ke fara ɗaga tukwanen ta auna nauyinsu a hannu, kamar yadda take auna damin dawa, kuma hannunta ya fi namu daidai.

Hunturun da ke wahalar da shi shi ne kuma ke biyan ladan. 'Yan makonni na sanyin dare ne ke sa okid ya fitar da sandar fure. Wajen lokacin Uhola, bayan an kai amfanin gona rumbu, sai a ga ɗan koren tsinke ya leƙo daga tsakanin ganye. Bayan wata biyu ko uku furanni su buɗe, su kuma yi wata biyu ko fiye ba su zuba ba. Saboda haka duk wanda ya turo mana hoton ganye, kafin mu ce komai, amsarmu ɗaya ce: ajiye butar tukuna, ɗaga tukunyar, ka turo mana hoton saiwa.