Rumfar awon jini, da waɗanda ba ta kai gare su ba

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a nan sun san cewa shekara shida ke nan ina shan ƙwayar hawan jini kowace safiya bayan sallar Asuba, sun kuma san ban cika kawo ƙorafi ba sai abu ya kai mini iya wuya. To, jiya ya kai. Na fito daga duba Goggona, wadda ta kwana tara a kwance ɓarin jikinta na dama ya shanye, sai na tarar da wata ƙungiya, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta kafa rumfa a bakin titin Jos ana auna jini kyauta, an jera kujerun roba, mai hoto yana ta kai-komo, alhali duk wanda na gani zaune a layin ma'aikacin ofis ne, mai kati a asibiti irina, wanda da za ka tashe shi daga barci zai karanto maka lambobin jininsa.

Ban ce sun yi laifi ba, Allah Ya saka musu da alheri bisa niyyarsu. Abin da ya dame ni shi ne, Goggo ta haura shekara talatin tana sayar da doya a kasuwar Alamis, kuma ba a taɓa ɗaura mata na'urar awon jini a damtse ba sai ranar da aka ɗauke ta ranga-ranga. Bara na taɓa ce mata, "Goggo, ki bari in kai ki a auna ki mana," ta dube ni tana gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ɗan nan, wa zan bar wa kayan? Ciwon kai ne na rana, in na sha panadol sai ya sauka." Na yi dariya na ƙyale ta, kuma wannan dariyar ce take hana ni barci yanzu, domin na'urar tana cikin akwatina a gida, da na ɗauko ta da ba mu yi minti goma ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, saboda cuta ce da takan yi shekaru tana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da ta yi sallama ba. A ƙarshen Oktoban 2024 kwamishinonin lafiya na jihohi sun yi gangamin auna mutum miliyan 10 a faɗin ƙasa, kuma kowace 17 ga Mayu ana raya ranar wannan cuta. Madalla da haka. Amma manomin riɗi da ke bayan Doma, da ɗan acaɓan da ba ya sauka daga babur sai isha, da matar da ke cikin kulle a Tudun Gwandara, ba sa jin sanarwar ofis, in ma sun ji ba za su bar abin da za su ci yau don wata cuta da ba ta yi musu ciwo ba. Wanda yake son ya same su, sai ya bi su ranar kasuwa, da ƙofar masallaci bayan Juma'a, da tasha, a kuma tura mata su shiga gidaje.

Na san za a ce ni ba likita ba ne, kuma gaskiya ne, malamin makaranta ne ni da ya yi ritaya. Iyakar sanina shi ne abin da malaman asibiti suka koya mini: a zauna a huta minti biyar, a jingina baya, a ɗora hannu a kan tebur daidai ƙirji, a yi shiru, in awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, a sake shi wata rana dabam kafin a yanke hukunci, wanda aka ɗora a kan magani kuwa kada ya bari don ya ji sauƙi. Gishiri kuma bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi, magana mai nauyi a jiharmu da take alfahari da gishirin Keana da Awe.

Wasu kuma za su ce ai ajali ba ya jinkiri, kuma tun kwanciyar Goggo na ji masu cewa jifa ne, da masu cewa iska ce ta shafe ta. Ni ma na yi imani da ƙaddara, mai daɗinta da maras daɗinta, amma ban taɓa jin malamin da ya ce riƙon sababi yana warware tawakkali ba, kuma kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a. Abin da nake tsoro shi ne awon da ake yi domin hoto, a rubuta wa talaka lamba a guntun takarda, a naɗe rumfa da azahar, ba wanda ya gaya masa asibitin da zai nufa, ko nawa maganin wata zai ci masa.

Na yi magana da limamin unguwarmu, ya amince in ajiye tebur a gindin darbejiyar ƙofar masallaci ranar Juma'a, wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu kuma za ta bi gidaje ranar Asabar. Mai na'urar da ba ya amfani da ita ya taimaka ya aro mana, da batir ɗinta, domin tawa ɗaya ce tak.