Buhu Ma Yana Magana

Jama'a, aikin wani ɗan Tamale ta ƙasar Ghana, Ibrahim Mahama, ya tsaya mini a rai. A 2015, wajen baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, bai zana fuskar kowa ba, bai rubuta "ba ma yi" ba. Tsofaffin buhunan algarara ya sa aka ɗinke, ya lulluɓe dogayen bangaye da su. Buhunan koko ne da suka koma ɗaukar gawayi, ga faci, ga sunayen 'yan kasuwa. Mai kallo dole ya tambaya: wa ya yi dakon, wa ya kwashe ribar?

Mu a Utai tambayar ba baƙuwa ba ce. Da kaka mu sayar da buhu arha mu biya bashin taki, da damina mu auno a kwano da tsada.

Mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024 suna sumewa a kotun Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Ni dai nake cewa, wanda ya rataye buhu babu komai ciki a ƙofar gidansa fa, da me za a tuhume shi?

Allah Ya kawo mana sauƙi.