Kwanciyar da muka sa Yaya

Da likita ya ce za a canza ma wata ƴar ƙungiyarmu kwatangwalo a Yamai, ko buta muka hana ta ɗauka. "Kwanta, Yaya, mu yi miki." Ashe naman cinyarta muke kashewa da tausayi.

Kine, likitan motsa jiki, shi ya gyara mu. Tun kafin aiki ya sa ta ɗaure cinya tana saki, tana motsa idon sawu, tana koyon tafiya da sanduna. Ya ce ta saba da doguwar kujera, don bayan aiki sai an jima ba tsuguno.

Kuɗin mota asusu ya ranta mata. Wasunmu sun yi gunaguni, gaskiya. Washegarin aiki aka tayar da ita, hannunta ya riga ya san sandunan.